Fatar da Na Yafa wa Matar Teku

Ni baduku ne ɗan baduku, haifaffen Gadarif ta ƙasar Sudan, sunana Idris. Yadda na bar gida ba sai na ba ku labari ba. Takalman roba sun cika kasuwa, markub, takalmin fatar nan namu da za ka yi kwanaki kana ɗinki, sai mutum ya ɗauka ya juya, ya sansana, ya yaba, ya ajiye ya wuce wurin mai roba. Wanda hakan ta taɓa samu ya san sauran. Abu ɗaya kawai zan ɗauko daga wancan lokacin, don in babu shi labarin nan ba zai zauna ba. Baba ya ji an ce a Masar dukawa suna ɗinka raƙuma da kawunan Fir'auna suna sayar wa Turawa. Sai ya kama hannuna na dama ya ce, "Idris, ka ɗinka duk abin da ka ga dama, ko akumarin jaki ne. Amma hannun nan kada ya yi fuskar abu mai rai. Wanda ya yi, gobe ƙiyama za a ce ya hura mata rai, kuma ba zai iya ba. Yi min alkawari." Na yi masa, a raina ina cewa tsohon nan dai akwai neman magana, wa zai ba ni fuska in yi?

Ashe tana jirana a Alƙahira. Na sami aiki a wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa a bayan kasuwa, inda ake ɗinka 'yan raƙuma na fata ana cusa musu garin katako. Ni ne mai gangar jiki da ƙafafu, kuma wallahi ba yabon kai ba, raƙumina yana tsayawa da ƙafafunsa ba ya tangaɗi. Ana nan sai mai sa ido da baki ya yi faɗa da maigida ya tafi. Maigidan, wani ƙaton mutum mai carbi a hannu da zagi a baki, ya turo min kwandon kawuna.

"Ya Sudani, ido biyu da baki. Maza."

Na ce masa na yi wa mahaifina alkawari. Ya dube ni kamar na ce masa ni aljani ne.

"Mahaifinka yana ina?"

"Gadarif."

"To daga Gadarif yana hango ɗakin nan?"

Kafin la'asar ina kan titi da jakata, haƙƙin aikina kuwa ya ce in je Gadarif in karɓa. Na tsaya a bakin ƙofa na wanke shi tas da Hausa, don in da Larabci na yi zai gane, kuma ya fi ni ƙarfi.

A Iskandariyya na haɗu da dillalin da ya tura ni ƙarshen duniya. Mutum ne mai ƙamshin turare da taushin murya, irin wanda in ya yi maka magana sai ka ji kamar ka taɓa saninsa. Ya ce ana neman ma'aikata a jiragen kamun kifi a wata ƙasar Turai wai ita Irlanda, ya tambaye ni ko na san ruwa. Na ce haba, ni da na sha wanka a kogin Rahad duk lokacin da muka je wurin kawuna a Hawata? Allah Ya yafe min wannan cika bakin. Ruwan da na tarar a can ba shi da gaɓa, ba shi da launi ɗaya, kuma ba ya kwanciya. Tudu ne baƙi yake tasowa ya tsaya a kanka, ka gama kalmar shahada, sai jirgin ya hau shi ya gangara, wani ya taso a bayansa. Na yi amai har na rasa abin amarwa. Amma ko a cikin wahalar nan, in na ɗaga kai na ga girman abin, sai bakina ya kama subhanallah da kansa.

A jirgin akwai wani tsoho Bamisire mai dafa mana abinci, Am Sayyid. Shi ya riƙa ɗura min ruwan citta, shi ya ɗaure ni da igiya a jikin ƙarfe ranar da iska ta so ta tafi da ni. Shi ne kuma wata safiya da muka kusa tudu ya taɓa ni ya nuna min ruwa. Wani kai ne ya ɓullo, sumul, baƙi, da manyan idanu masu ruwa-ruwa, ya tsaya yana kallona ba ya ƙiftawa. Am Sayyid ya ce karen teku ne. Ni dai ban ga kare ba. Kallon mutum ne, kallon wanda yake so ya tambaye ka labarin gida. Ban san lokacin da na yi masa sallama ba, Am Sayyid ya yi ta dariya har da tari.

Watanni suka shuɗe, albashi sai "mako mai zuwa", fasfo ɗina kuma yana aljihun mai jirgi. Gishiri da sanyi suka tsattsaga min hannu har ba na iya dunƙule shi. Ran nan muna ɗaure a tasha, Am Sayyid ya riƙe tafina ya daɗe yana dubawa, sannan ya cire ƙatuwar rigarsa ta ruwa ya yafa min.

"Ya ibni, ɗana, hannun nan ba na kifi ba ne. In ka ƙara hunturu ɗaya a nan, ko allura ba za ka sake riƙewa ba. Shiga gari, Allah Yana can ma."

Garin ƙarami ne, titi ɗaya ne ya hau tudu daga bakin ruwa, ga yayyafi da ba ya tsayawa ba ya kuma zama ruwan kirki. Mu a Gadarif in damina ta zo hadari yakan haɗu ya yi baƙi, ya zubar da abin da zai zubar, ya ba rana wuri. Can kuwa sama sai ta wuni tana tsiyaya kamar mai mura. Na raɓe a bakin wani shago don in fake, na juya, sai muka yi ido huɗu da wani mutum a cikin gilashi. Mutum ne zaune ya tanƙwashe ƙafa, amma a kansa ƙahoni ne masu rassa kamar busasshiyar bishiya, gemunsa ganyaye, a wuyansa zobe, a hannunsa maciji. Na yi a'uzubillahi na ja da baya har na faɗa cikin kwata. Da na miƙe zan gudu sai ƙofar ta buɗe, wani ƙamshi ya fito ya tare ni. Ƙamshin fata ne, jemammiya da ɓawon itace, irin wanda na tashi a cikinsa. Na fasa gudun.

Wata tsohuwa ce ta buɗe, doguwa, farin gashi a tsaye, hannuwanta duk rini. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce in shigo kafin in mutu mata a bakin ƙofa a ce ita ce. Ɗan Turancin da na tsinta a jirgi ya ishe ni in gane wannan. Sunanta Nora. Ni kuwa bakina ya saba, duk tsohuwa a wurinmu Hajja ce, sai na ce, "Na gode, Hajja." Ta tambayi ma'anarsa, na bayyana, ta yi dariya ta ce ita ko cocin garin ba ta cika zuwa ba, amma tana so. Hajja Nora ta zauna mata har yau. Ta ba ni shayi wanda ba sukarin kirki a ciki, na shanye don kunya.

Ya salam, abin da na gani a shagon nan! Ko'ina idanu ne. Ga wata mata da hankaki a kowace kafaɗa, gashinta igiyoyin baƙar fata. Ga farin doki yana fitowa daga ruwa, gezarsa ta koma kumfa. Ga fuskoki rataye a bango, ganye yana tsirowa daga bakinsu da hancinsu, kowane ganye da jijiyoyinsa. Ga wasu yara da fukafukai suka fara fito musu a kafaɗa, ɗayan ya juyo yana duban bayansa cikin tsoro. Na matsa kusa na ga fata ce, fatar da na sani, an jiƙa ta an lanƙwasa ta bushe a haka, yadda muke ɗora markub a kan itacen ƙira. Fuskoki da hannuwa kuwa na wani yumɓu ne da ban taɓa gani ba. Ba daga ƙasa ake haƙo shi ba, yumɓun roba ne, ana sayar da shi gunduwa-gunduwa kamar sabulu, kala-kala. Ba ya bushewa ko ya shekara a ajiye, sai an murza shi da ɗumin hannu ya yi laushi, in an gama a gasa shi a tanderun da take gasa burodi. Ni da roba ta kora daga gida, ga ni tsaye baki buɗe ina kallon abin da aka yi da ita.

Abin da ya ba ni aiki wani zane ne a ɗamarar mai ƙahonin nan. Igiya ce ta shiga ta fita, ta hau ta sauka, ba farko ba ƙarshe. Na bi ta da yatsa, sai na ga dagi ne, dagin da kakana ya zo da shi daga ƙasar Hausa a kan hanyarsa ta Makka, wanda muke bugawa a kuben wuƙa. Na ɗauki guntun fata da basilla a teburinta, da hannun nan nawa mai tsaga na zana namu. Ta sa tabarau ta duba nata, ta duba nawa. Ta ce nata daga duwatsun kakanninta ta kwaso. Muka tsaya muna kallon juna, ni da tsohuwar da ban sani ba, kamar an ce mana mu dangi ne.

Ta ba ni ɗakin da ke bayan shago, ta kai maganar fasfo ɗina wurin wata lauya. Tun ranar farko na gaya mata alkawarin Baba, ina jiran irin amsar mai raƙuma. Sai na ga ta ajiye abin da ke hannunta.

"A labaran mutanenmu na dā," in ji ta, "kowane jarumi yana da abu guda da aka hana shi. Wani kada ya ci naman kaza, wani kada ya juya wa baƙo baya. Ba a tambayar dalili. Ranar da ya karya, ranar ƙarshensa ya fara. Ashe kai ma kana da naka. To fuska tawa ce, fata taka."

Haka muka raba aiki. Ni ke jiƙa, ni ke yanka, ni ke buga zane da rini. Ita ke fuska da hannuwa. In na buga waya gida ta hannun maƙwabcinmu mai shago, Baba ba ya tambayar sanyi ko abinci, Inna ce mai wannan. Shi tambayarsa ɗaya ce: "Hannun fa?" In ce, "Yana nan yadda ka bar shi, Baba." Ya ce, "Madalla," ya miƙa wa Inna.

Amma ban gaya masa yadda nake tsayawa a bayan Hajja Nora ina kallo ba. Za ta ɗauki dunƙulen yumɓu, ta danna babban yatsa nan da nan, ta ja kaɗan, sai ka ga goshi. Ta sa tsinke ta ɗaga fatar ido, kawai sai abin ya dube ka. Wallahi kowane lokaci sai tsigar jikina ta tashi. A nan na gane abin da Baba yake tsoro, don tsakanin abin nan da numfashi saura ƙiris. A nan kuma na gane cewa yatsuna suna so. Ina yanka ganye amma suna motsi da kansu, suna bin nata.

A shekara ta biyu, lokacin yankan riɗi a gida, maƙwabcin nan namu ya kira ni da hantsi. Da na ji ya fara da "Idris, ka yi haƙuri," na zauna a ƙasa. Inna ce. Zazzaɓi na 'yan kwanaki, an riga an kai ta. Fasfo yana hannun mai jirgi, magana tana wurin lauya, ko da fiffike gare ni ba inda za ni. Na san a lokacin an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidanmu, an kafa rumfa, mutanen Basunda da Ƙala'at an-Nahal suna sauka daga mota suna ɗaga hannu suna fatiha, ni kuwa ɗanta na fari ina zaune a bayan shago a tsakiyar dodanni. Na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ina yaro.

Hajja Nora ta fita. Can sai ga mutane suna shigowa ɗaya bayan ɗaya: mai gidan burodi, matar da ke sayar da jarida, wasu tsofaffin masunta da ban taɓa magana da su ba. Kowa ya riƙe hannuna ya ce ya yi baƙin cikin abin da ya same ni, ya nemi wuri ya zauna. Suka kawo abinci, suka yi ta dafa shayi, wani tsoho ya ce in ba su labarinta. Na ba su da guntun Turancina, yadda take tuƙa asida, tuwon wurinmu, yadda take faɗa da awakin maƙwabta. Suka yi dariya inda ya kamata, suka yi shiru inda ya kamata. Ashe su ma ba sa barin mai makoki shi kaɗai. Ranar nan har sukari aka cika min a shayi.

Bayan wannan ne muka shiga babban aikin. Garin yana da rana guda a shekara da ake taruwa a zauren bakin tasha a tuna waɗanda teku ya ci, kuma mijin Hajja Nora yana cikinsu, ko gawarsa ba a samu ba. Ta yi wa mutanen gari alkawarin abin da za a ajiye a zauren, ta ce shi ne aikinta na ƙarshe mai girma. Matar teku za ta yi. Ta ba ni labarin muna yanka waya: wai karnukan tekun nan, wasunsu mutane ne. Sukan fito tudu su tuɓe fatarsu su zama mata. In namiji ya sace fatar ya ɓoye, matar ba ta da hanyar komawa, sai ta zauna da shi, ta haifa masa 'ya'ya, kullum idonta a kan ruwa. Ranar da ta gano inda fatar take, ko tuwo ne a wuta za ta bar shi ta tafi. Na tuna kan nan da ya ɓullo ya dube ni, na ce, "Hajja, wannan ba tatsuniya ba ce, na gan ta."

Matar tekun da muka yi, tsawonta ya kawo min ƙirji. Muka ɗaura ƙashinta da waya, Hajja Nora ta yi ƙafafu da hannuwa ta gasa ta ɗaura, hannun dama a ɗage kusa da baki, wai tana kiran 'yan uwanta. Har jijiyar bayan hannu ta fitar. Ni kuma na rina fatar maraƙi guda, toka-toka da ɗigon baƙi, wadda za a ɗora mata a hannun hagu, alamar yanzu ta tsinto ta. Kai kuwa dunƙulen takarda ne da waya, sai an manna masa fuska. Fuska ce kaɗai ta rage, taron saura mako, sai Hajja Nora ta zame a kan jiƙaƙƙen dutsen ƙofar gida ta karya hannun dama.

Ta gwada da hagu, abin ya fito kamar ɗanwake. Ta jefar, ta zagi dutsen, ta zagi ruwan sama, ta zagi tsufa. Sannan ta dube ni.

"Idris, sau ɗaya zan roƙe ka, ba zan sake ba. Na ga yatsunka. Na san ka iya."

Raina ya ɓaci, na ce, "Haba Hajja! Ke da bakinki kika ce ranar da mutum ya karya, ƙarshensa ya fara."

"Na faɗa," ta ce. "Kuma na yi wa matan garin nan alkawari, ni ma."

Ba ta ƙara ba, kuma rashin ƙarawar ya fi ciwo. Matar nan ta tsince ni a kwata, ta ba ni ɗaki, ta tara min mutane ranar mutuwar uwata. Baba kuwa yana can, ya rasa matarsa, abin da ya rage masa a wurina kalma ɗaya ce da yake tambaya a waya. Duk inda na juya sai na ci amanar wani.

Washegari da safe maƙwabciya ta kai ta asibiti a duba ɗaurin. Na zauna ni da matar teku. Na ɗauki yumɓun na murza har ya yi ɗumi ya yi laushi, na ɗora babban yatsa daidai inda goshi zai fito. Wallahi fuskar tana nan a cikin yatsuna, gaba ɗayanta, dannawa kawai ya rage. Na daɗe a haka. Sai na ajiye, na goge hannu a wando, na ce bari dai in yi nawa aikin.

Na tsoma fatar a ruwan ɗumi har ta yi laushi kamar zane. Na ɗauko zan ɗora mata a hannu yadda aka tsara, amma dunƙulen kan nan fari fat yana gabana, ba ido ba baki, ya hana ni sakat. Na ce bari in rufe shi ko na sami natsuwa. Ban yi wani tunani ba. Mutumin Gadarif in ka ba shi dogon yadi ka ce ya rufe mace, hanya ɗaya ya sani, yadda matanmu ke yafa tob, dogon mayafinsu, in za su fita unguwa. Na zagaya ta ƙarƙashin hammata, na ɗora a kafaɗa, na hau da ita kai, na jefa bakin baya. Gefen ya sauko ya yi inuwa a inda fuska za ta kasance, sauran na ja shi na maƙala a yatsun hannun nan da ke ɗage kusa da baki. Na gyara ninkin kafaɗa, na gyara na ƙugu, hannuna yana ta yi ina binsa. Kafin in farga ɗumin ɗakin ya fara kama fatar. Jemammiyar fata kuwa in ta sha ruwa ta bushe a wuri, ta zauna ke nan. In ka sake jiƙa ta rinin zai ɓaci, kuma ba mu da wata.

Na ji buɗe ƙofa, na ce yau na shiga uku. Hajja Nora ta shigo da hannu rataye a wuya, ta tsaya. Ta zagaya ta hagu, ta zagaya ta dama, ta sunkuya ta leƙa ƙarƙashin inuwar. Na fara ba da haƙuri, ta ɗaga min hannu.

"Ba tsintar fatar ta yi ba," ta ce a hankali. "Ta riga ta sa. Tafiya za ta yi." Sai ta juyo. "Wace ce?"

"Ba kowa, Hajja. Haka ake yafawa a wurinmu."

"Idris, shekara nawa ina wannan aikin. Zo nan ka tsaya inda nake."

Na je bakin ƙofa na tsaya, na duba. La ilaha illallah. Kafaɗar hagu ta ɗan sauka, kai ya ɗan karkata, an kama bakin mayafi an kai baki. Inna ce. Inna ce sak, ta fito za ta gidan gaisuwa, ta tsaya a ƙofar gida tana jiran mai keken jaki ya wuce. Ban yi ido ba, ban yi hanci ba, ban taɓa yumɓu ba, amma ga ta nan tsaye. Na tsuguna a wurin. Hajja Nora ta dafa kaina da hannunta mai lafiya, mu biyu muna kallo.

Haka aka kai matar teku zauren, ba a ƙara mata komai ba. Na tsaya a baya ina kallon mutane. Kowa ya zo sai ya sunkuya ya leƙa ƙarƙashin fatar, ba abin da zai gani sai duhu, amma ba mai ɗagowa da busasshen ido. Tsohon nan da ya ce in ba su labarin Inna ya daɗe a sunkuye, na ji yana kiran sunan wata mace a hankali. Ni kuwa tsoro ne ya cika ni tare da mamaki. Na riƙe alkawari ko na karya? Ban sani ba, kuma a waya ban iya tambaya ba. Da Baba ya ce "Hannun fa?" sai na ce layin ba kyau.

Da lauya ta ƙwato min fasfo, na dawo Gadarif a tsakiyar damina. Baƙar laka ta riƙe min takalmi tun daga tasha, gonakin dawa sun yi kore har inda ido ya tsaya. Na sami Baba a rumfarsa ta kasuwa, ya rame, yana ɗinkin kuben wuƙa da tabarau ɗaure da zare. Bayan gaisuwa da kuka da fatiha, mutane suka watse, ya dubi hannuna. Ban jira ya tambaya ba. Na fito da waya na nemo hoton na miƙa masa, na ce, "Baba, ga abin da na yi. Kai za ka faɗa min."

Ya kai wayar kusa da ido, ya nisanta, ya sake kusantowa.

"Ina fuskar?"

"Babu. Takarda ce da waya a ciki. Fata kawai na yafa."

Ya sake duban hoton. Inna ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba, ko a bikin ƙannena sai ta juya baya. Na ga babban yatsansa yana shafa gilashin daidai kafaɗar nan da ta sauka.

"Hawwa ce," ya ce.

"Ita ce, Baba."

"Ka riƙe alkawari." Ya gyara tabarau. "Ni ne ban san ana iya wannan ba."

Na miƙa hannu zan karɓi wayar. Bai ko dube ni ba, ya matsar da ita jikinsa.

"Je ka gida ka ci abinci, ƙannenka suna jira. Bar min wannan tukuna."